Ranar da na gyara randunan Fada

A Jidda na tashi, ruwan firij na sani. Da Baba ya kai ni makarantar kwana ta 'yan Katolika a Khartum don in iya Turanci, sai na tarar da dokarsu: ɗan attajiri da ɗan talaka, Musulmi da Kirista, kowa da aikin da yake yi wa jama'a. Ni aka ba ni randuna shida, waɗanda 'yan Sudan ke kira zir.

Suna jere kan ƙafafun ƙarfe a inuwar darbejiya, kowace da murfin katako. Aikin ba wuya. Ka cika da asuba, ka wanke ciki sau ɗaya a mako da soso kawai, ban da sabulu, don yumɓu na shanye shi ya ɓata ruwan.

Abin da ya dame ni, duk shidan yoyo suke. Jikinsu jiƙe, gindinsu na ɗiga cikin kwano, ɗis, ɗis. Na ce kai, shekara da shekaru ba wanda ya lura? Ranar Lahadi, Kiristoci na coci, na ɗauko fentin mai a sito na shafe su tas, har shafi biyu. Kore shar. Yoyo ya tsaya cak.

Ashe wannan gumin shi ne firij ɗin. Ruwa na tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin ciki. Na toshe ƙofofin.

Washegari da azahar yara suka fito daga aji a guje. Na farko ya kurɓa ya furzar, ya ce wa ya dafa shayin kananzir?

Fada, limamin coci na makarantar, wani tsoho ɗan Italiya mai Larabcin Sudan garau, bai ɗaga murya ba. Ya ja ni gaban hoton Daniel Komboni, wani bishop ɗan mishan mai gemu da ya rasu a Khartum a 1881. Ya ce, "Ya waladi, wannan cewa ya yi 'yan Afirka ne za su ceci Afirka. Bai gamu da kai ba."

Kwana uku ina kankara da yashi, a banza, fenti ya riga ya shige. Baba ya biya kuɗin sababbi shida. Koren aka shuka furanni a ciki, aka jera a ƙofar ɗakin kwananmu, kuma ni aka ɗora wa ban ruwa. Har na gama makarantar, Muhandis, wato injiniya, ake kirana.