Sembène, 'yar aiki da masaƙun Kakuri

A yawancin finafinanmu na Hausa, maigadi ɗan ban dariya ne. 'Yar aiki kuwa, in ba makira mai neman ƙwace mijin uwargida ba, to abar tausayi ce da ɗan maigida zai aura a ƙarshe. Nawa ake biyanta, ko ma ana biyan, ba a tayar da zancen. In talaka ya fita daga wahala, to wani Alhaji ne ya tausaya masa.

Ousmane Sembène, mai shirya finafinai ɗan Senegal da ya rasu a 2007, bai ɗauki ma'aikaci haka ba. Kafin ya riƙe kyamara ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa, ya kuma shiga ƙungiyar ƙwadago. A fim ɗinsa Borom Sarret na 1963 ya bi wani mai keken doki a Dakar tun safe. Fasinja ya ja shi unguwar masu hali da aka hana irinsa shiga, ɗan sanda ya ƙwace keken, ya koma gida hannu rabbana.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne La Noire de na 1966. Turawa suka tafi da wata budurwa mai suna Diouana Faransa da sunan raino, ta ƙare a wanke-wanke da shara, ba fita, har ta kashe kanta. Maigidan ya zo Dakar da kuɗinta, uwar ta ƙi karɓa. Ina jin da a wajenmu ne, da an sa uwar ta karɓa tana sa albarka.

Za a ce kasuwa ce: soyayya da rawa ake saya. Akwai gaskiya a ciki, furodusa ba zai zuba jarinsa a rijiya ba. Amma wa ya gwada aka ƙi kallo?

In labarin ma'aikata ake nema, ga Kakuri nan, unguwar masaƙu a Kaduna. Masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) da ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shekara da shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da dama suka mutu ba su gani ba. Wasu sun koma acaba, wasu gadi. Matansu da 'ya'yansu na nan Kaduna ta Kudu, kuma su ne masu kallon finafinan nan a waya. Ofishin ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa ma a garin nan yake, da tsofaffin da za su ba marubuci labari kyauta.