Murar da ke zuwa da kalanda

Shekara uku cur ina fama da abu ɗaya a Birmingham ta Ingila ina kiransa sanyi. Da an shiga ƙarshen Maris, daidai lokacin da Turawa ke murnar rana ta fito, ni kuma hancina zai ɓalle kamar famfo, atishawa bakwai takwas a jere, ido yayi jajur, ga wani ƙaiƙayi can cikin maƙogwaro da kunne wanda ba ta inda zaka sosa. Na kira Hajiyarmu a Kano tace sanyin ƙasar ne ya shige ka, ka bar ruwan firji, ka dafa citta da kanumfari. Na dafa na sha, har rigar sanyi biyu nake zumbulawa a watan Afrilu, ga Piriton da na taho dashi daga gida wanda in na sha sai in yi ta gyangyaɗi a bas har in wuce tashata.

Wata ma'aikaciyar kemis ce ta warware min da tambaya uku kacal. Akwai zazzaɓi? Nace babu. Majinar tsinkakkiya ce kamar ruwa ko mai kauri? Nace ruwa ce. Bara ma a wannan watan ne? Sai nayi shiru, don bara da bara waccan duk a watan ne. Tace wannan alaji ne (ba Alhaji ba, nasan wani zai tsokana), mura ta gaskiya sati ɗaya zuwa biyu ta wuce, wannan kuwa sai tayi makonni tana binka.

Ashe mai laifin tana ƙofar gidana, wata bishiya mai farin ɓawo da suke kira birch. Garin furenta iska ke kwasa, ya shiga hanci, jiki ya ɗauka maƙiyi ne ya saki sinadarin histamin, shi ke kawo kumburi da hawayen nan. Abin ma layi ne dashi, wasu bishiyoyin tun Janairu da Fabrairu suke farawa, birch ta karɓa a Afrilu, ciyawa ta ɗauka daga tsakiyar Mayu zuwa Yuli. Har hasashen yawan garin furen hukumar yanayinsu Met Office ke fitarwa kamar na ruwan sama, yanzu kafin in fita sai na duba.

Gwajin alajin da aka yi min a asibiti shi kansa ba wani abu bane, jiran ne ya kusa kasheni, watanni kafin layi yazo kaina. Sukace in daina shan maganin alaji kwanaki kafin ranar, suka ɗiga ruwa kala-kala a hannuna suka ɗan tsira fatar, minti 15 sai ga wajen birch ya taso kamar cizon sauro. A nan na gane dalilin da yasa ɗanyen tuffa da karas ke sa leɓena ƙaiƙayi, wai sinadarinsu yayi kama da na garin furen, amma in an dafa lafiya lau nake ci.

To ga inda nake ganin mu a gida muna cutar kanmu. Komai sanyi ne. Ka shiga kemis kace hanci na zuba, kafin ka rufe baki an ƙirgo maka kafso na antibayotik, babu mai tambayarka wane wata abin ke zuwa, alhali antibayotik ba ruwansa da alaji, kuɗinka kawai ka zubar kuma ka koya wa ƙwayoyin cuta taurin kai. Nan kuma ko kuka zakayi ba mai baka shi sai an duba ka an ga kana buƙatarsa, wannan kam na yaba musu, duk da ganin likitan ma sai ka tashi ƙarfe 8 na safe kana ta buga waya kamar mai neman biza.

Amma fa ba komai suka fimu ba. Shawarar da hukumar lafiyarsu NHS ke bayarwa wai a shafa Vaseline a bakin hanci don ya tare garin furen, dariya nayi, kakata tun ina yaro take dangwala mana man kaɗanya a hanci in hazo ya sauko, ga masu rawani da ke rufe hanci da baki tun kafin a san wani takunkumi.

Yanzu tsarina, sati biyu kafin lokacin nake fara feshin hanci mai sitiroyid kuma kullum, don ba irin na sha-yanzu-magani-yanzu bane, in abin yayi tsanani in ƙara da cetirizine ko loratadine da basu cika sa barci ba. Wancan feshin mai buɗe hanci nan take na barshi, in ka wuce 'yan kwanaki dashi toshewar dawowa take ta ninka. In na dawo daga waje wanka da canza kaya. Wanda yafi min ciwo shine shanya, mu da muka saba da igiya a tsakar gida, Afrilu guda a ɗaki nake shanya. Wanda kuma numfashinsa ke ƙara kamar busar fito ko ƙirji ya riƙe, dan Allah wannan na likita ne ba na kemis ba, yana iya zama asma.

Disambar da ta wuce naje Kano, hazo ya rufe gari, nayi atishawa biyu a gaban Hajiya. Ko kallona batayi ba tace a ɗora citta.