Wanda ya sayar wa talbijin da daren, shi ya kamata ya biya kuɗin jirgin ƙarshe

Jama'a, duk shekara idan Oktoba ta kama, wasannin fitar da gwani na ƙwallon besbol suka kankama a Amurka, surutun mutane kan tikiti ne da tsadarsa. Ba kasafai ake maganar abin da ya fi ci wa ɗan kallo tuwo a ƙwarya ba, wato komawa gida. Matsayata a fili take: hukumar MLB mai gudanar da gasar, da kulob ɗin da ke karɓar baƙuncin wasa su ne suka zaɓi a fara da ƙarfe takwas na dare don gidajen talbijin su samu masu kallo, don haka su ne ya dace su biya kuɗin tsawaita zirga-zirgar jiragen ƙasa da bas har sai an tashi. Kafin a kai ga haka, duk wanda zai je fili ya fara shirya hanyar dawowa tukuna, sannan ya sayi tikiti.

Ga wanda ya saba da ƙwallon ƙafa, ga inda gizo ke saƙa. Besbol ba ta da agogon tashi. Zango tara ake bugawa, a kowane zango kowane ɓangare na bugu har sai an fitar da 'yan wasansa uku. In an kammala zango na tara ana kunnen doki, sai a ƙara na goma, a ƙara na sha ɗaya, har sai wani ya yi nasara. Babu bugun fenariti da zai raba gardama. A wasannin kaka na yau da kullum, wato kafin a shiga fitar da gwani, akwai dokar da ke ajiye ɗan wasa a tudu na biyu (rabin hanyar da ake zagayawa a ci maki) da zarar an shiga zangon ƙari, don a samu ci da wuri. A wasannin fitar da gwani ba a aiki da ita. Haka ma ruwan sama: a kaka ana iya yanke wasa bayan zango biyar a ce ya ƙare, amma a Oktoba sai dai a jira ko a ɗage a ƙarasa wata rana. Wasa na 5 na World Series, jerin wasannin ƙarshe na cin kofi, a 2008, a Philadelphia, an tsayar da shi a zango na shida, sai bayan kwana biyu aka ƙarasa.

Za a ce ai tun 2023 an sa wa mai jifa, wato mai jefa wa mai bugu ƙwallo, agogo, daƙiƙa 15 in babu kowa a kan tudu, daƙiƙa 18 yanzu in akwai. Gaskiya ne, kuma ya yi aiki: matsakaicin wasa ya sauko daga sama da awa uku zuwa kusan awa biyu da minti arba'in. Sai dai wannan lissafin kaka ne. A Oktoba hutun talla tsakanin zango ya fi tsawo, kusan minti uku, kuma koci ba ya jin kunyar canza mai jifa sau biyar ko shida a dare ɗaya, tunda in an sha kashi babu gobe. Kowane canji hutu ne. Ga kuma neman a duba bidiyo a duk hukuncin da aka yi tababa. Wasan da aka fara takwas da 'yan mintuna, in ya tafi lami lafiya, ka sa ran tashi tsakanin sha ɗaya da sha ɗaya da rabi. In bai tafi lami lafiya ba kuwa, sai abin da Allah Ya yi.

Ranar 27 ga Oktoba 2025, wasa na 3 na World Series tsakanin Dodgers na Los Angeles da Blue Jays na Toronto ya kai zango 18, awa 6 da minti 39, kafin Freddie Freeman na Dodgers ya tsallakar da ƙwallo bayan katanga ya raba gardama. An tashi saura minti goma ƙarfe sha biyun dare ya cika a Los Angeles, kusan uku na dare a Toronto, a Kano kuwa yara sun riga sun tafi makaranta. A filin nan na Dodgers dai, a 2018, Dodgers da Red Sox sun yi zango 18 cikin awa 7 da minti 20. Mutanen Los Angeles sa'ar agogo suka ci, don wasan da ake farawa takwas a gabashin ƙasar biyar na yamma ne a wurinsu. A ɗauko wannan awa bakwai a ɗora a Boston ko Washington, a ga ƙarfe nawa za a tashi.

Washington ɗin ita ce misalin da ya fi nuna rashin adalcin. Jirgin Metro na birnin ba ya kwana yana aiki, kuma tsarinsu a da shi ne mai taro ya ajiye kuɗi in yana son a ƙara lokaci. A 2012 kuɗin ajiyar dala 29,500 ne a kowace awa, ana kuma cire abin da fasinjoji suka biya a mayar wa mai ajiya. Kulob ɗin Nationals ya ƙi biya, aka yi ta ja-in-ja, har wani kamfani mai suna LivingSocial ya ɗauki nauyin. Ku duba fa: filin na cin mutum dubu arba'in da 'yan kai, ko dala ɗaya aka ɗora wa kowane tikiti an biya awar da rara. A 2016 abin ya fi muni. Metro na tsakiyar babban gyaran layuka, ta ce ba za ta ƙara wa kowa ko minti ɗaya ba. Ranar 13 ga Oktoba, wasa na 5 da Dodgers, wanda ya faɗi ya fita. Zango na bakwai kaɗai ya ci minti 66. Ana cikin haka aka sanar a allon fili cewa jirgin ƙarshe ya kusa tashi, 'yan kallo suka yi ta ihun takaici. Wasan ya ɗauki awa 4 da minti 32, an tashi bayan sha biyu da rabi. Mutum ya biya kuɗin wasa cikakke, an ce masa ya zaɓi tsakanin ƙarshen wasan da gadonsa.

Na san hujjar kulob: su ba hukumar sufuri ba ne, kuma birni na samun haraji daga taron. Na san ta hukumar sufuri ita ma: cikin dare ake gyaran layi, kuma awa ɗaya ta ƙari na nufin direbobi da masu tasha da 'yan sanda a biya su kuɗin ƙarin lokaci. Hujja ta biyu ta fi ƙarfi a wurina. Mai gyaran layi bai sa hannu a kwantiragin talbijin ba.

To, yadda ake shiri. Abu na farko, ka san irin garin da kake. New York sai godiya: jiragen ƙarƙashin ƙasa ba sa barci. Daga filin Yankees a Bronx, tashar titi na 161, layin 4 da layin D suna aiki har asuba. Kada ka dogara da B, ba ya aikin dare. Ka kuma sani cewa tsakar dare layin 4 yakan koma tsayawa a kowace tasha, tazarar jirage kuma takan kai minti ashirin, don haka tafiyar da ta ɗauke ka minti talatin da yamma tana iya zama awa. Filin Mets a Queens layin 7 ne. A Chicago, Jan Layi da ke tsayawa a Addison kusa da filin Wrigley shi ma kwana yake. Boston da Washington da Toronto kuwa suna rufewa, sai ka duba jadawalin wannan ranar takamaimai, don na Juma'a da Asabar yakan bambanta da na tsakiyar mako. Akwai kuma inda babu jirgin sam: filin Rangers a Arlington da na Braves a wajen Atlanta, mota ce kawai mafita.

Kuskuren da ya fi kama mutane shi ne duba jirgi ɗaya. Wanda ke zaune a Connecticut ko Long Island ko New Jersey jirgi biyu ko uku yake hawa, kuma na ƙarshen ne ke yanke hukunci. Jirgin cikin gari yana iya kai ka Grand Central, babbar tashar jirgin ƙasa a New York, ƙarfe biyu da kwata, ka tarar an rufe tashar har asuba. Daga baya ake fara lissafi: rubuta lokacin tashin jirginka na ƙarshe, cire tsawon tafiyar da za ta kai ka tasharsa, cire minti 20 zuwa 30 na fita daga fili da cunkoson dandamali, cire wasu 10 na ko-ta-kwana. Abin da ya rage shi ne lokacin da za ka miƙe daga kujera. Ka sa ƙararrawa a waya, domin a zango na takwas ana kunnen doki babu wanda ke tuna agogo. Kuma ku yanke shawara da abokan tafiya tun kafin a fara: in lokacin ya yi, tafiya za a yi ko an haɗa kuɗin mota?

Motar haya ta manhaja tana da nata tarko. A minti ashirin na farko bayan tashi mutum dubbai ke neman mota a wuri ɗaya, farashi ya ninka, 'yan sanda sun toshe titunan da ke jikin fili, direba na ganin ka a taswira amma ba shi da hanyar isowa, daga ƙarshe ya soke. Maganin ƙafa ne: ka yi tafiyar minti goma zuwa sha biyar a babban titi mai haske, ko ka hau jirgi tasha biyu ko uku ka sauka, sannan ka kira. 'Yan'uwanmu na Zango da na Nijar da ke tuƙi a Bronx sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa da yawansu ba sa kusantar bakin filin sai taro ya lafa.

Mai zuwa da motarsa, wurin ajiya mafi kusa da ƙofar shiga shi ne mafi wahalar fita. A filin Dodgers motoci kusan dubu sha shida ke rububin 'yan ƙofofi. Ka ajiye kusa da ƙofar fita, gaban mota na kallon hanya, ka ɗauki hoton lambar sashen. In garejin 'yan kasuwa ne a cikin gari, tambayi lokacin rufewa kafin ka ba da makulli. Akwai bas kyauta ga mai tikiti daga filin Dodgers zuwa Union Station, babbar tashar jirgin ƙasa ta Los Angeles, amma isa Union Station ba isa gida ba ne, sai in jirginka na gaba bai tashi ba.

Sai ƙananan abubuwa masu kunyata babba. Tikiti a waya yake, kuɗin jirgi a waya, taswira a waya, ga sanyin Oktoba na shanye batir, ga ɗaukar bidiyo na awa huɗu. Ka zo da ƙaramin batirin caji, ka ajiye katin banki da 'yan daloli a aljihu daban. Ka duba ƙa'idar jaka ta filin tun daga gida, wasu ba sa barin jakar goyo. Rigar sanyi mai kauri, don yanayin ƙarfe bakwai ba shi ne na ƙarfe ɗaya a dandamalin jirgi ba. Mai tafe da yara ya bar jirgin farko da na biyu su wuce, nan ne waɗanda suka sha suka yi tatul suke cunkusuwa.

Wani abu kuma: lokacin fara wasa a matakan farko ba ya fitowa da wuri. Sau da yawa sai an ga yadda sauran karawa suka kaya kafin talbijin ta raba lokuta, wasan da ka zaci na rana ne ya koma na dare. Tikitin wasa na 5 ko na 7 kuwa da sharaɗi ake sayar da shi, in an gama karawar kafin nan ba za a buga ba, a mayar maka da kuɗi. Kuɗin otal da na jirgin da ka saya a gefe babu mai mayar maka, sai in tun farko ka zaɓi wanda ake iya sokewa.