Mai jinyar fa, wa ke tambayar ta ya ta kwana?

Assalamu alaikum ƴan'uwa.

Wata magana na ji a wurin zaman gaisuwa cikin Birni, har yanzu ta tsaya mini a rai. An tambayi wani bawan Allah inda ƙanwarsa take aiki, ya ce: "Ai ba ta aikin komi, tana gida wajen Inna." Innar nan kuwa shekaru ta yi kwance da shanyewar ɓarin jiki kafin Allah ya karɓi abinsa. Subhanallah! Ba ta aikin komi?

Wanda ba ya iya motsawa, kusan duk awa 2 sai an juya shi, dare da rana. In aka yi sake, baya da ƙugu su yi gyambo, gyambon kwanciya kuwa in ya buɗe sai an sha wuya kafin ya rufe. A tallafo shi a ba shi kunu cokali-cokali, ana lura kada ya ƙware. A canza famfas, a kwashe fo, a wanke zannuwa, a Damagaram ɗin nan da kowa ya san halin ruwanmu: wata rana famfo ko ɗigo, sai an jira ɗan garuwa. Zafin Afrilu ya zo, wuta ta ɗauke, ita ce da mafici har kiran assalatu. Ita ta san ƙwayar safe da ta dare. Ita ke shan faɗan tsohuwa idan ciwo ya gajiyar da ita, ta haɗiye, ta ce "yi haƙuri Inna."

Mu kuma sai mu shigo da fararen kaya bayan la'asar. "Ya mai jiki? Allah ya sa kaffara ne." Mu ajiye ledar lemu, mu tashi. Wani ma kafin ya fita sai ya yamutsa fuska: ɗakin nan ba a sa turare ne? Me ya sa ta rame haka, ana ba ta abinci kuwa? Haba malam. Ka ji tsoron Allah. Ka taɓa kwana ɗaya a ɗakin?

Ku kuma yayye da ke Yamai da Agadas, da masu nema a Libiya, Allah ya saka muku da kuɗin magani da kuke turowa, ba na raina shi. Amma ayar da ta ce kada a ce wa iyaye ko "uf" ba a kan ƴa mace ɗaya ta sauka ba. Ƙanwarku ta bar sana'arta, wata ta bar lakwal, wata mijinta har ya fara ƙorafi, ku kuwa in kun bugo waya tambayarku ɗaya: ina aka kai kuɗin? Surukar da ke wanke mahaifiyarka, ka sani alheri take yi maka, nauyin a wuyanka yake.

Wadda ta fi ba ni tausayi ita ce ƴar aikin da ake ɗaukowa daga ƙauyukan Mirya ko Matameye. An ce ta zo ta kula da Hajiya, sai ga wanke-wanke, ga shara, ga goyon jikoki, ta kwana a tabarma bakin gado. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Kowa ya tambayi kansa nawa yake ba ta. Ɗan abin ma sai wata ya shiga wata ana ce mata "bari a ga ƙarshen wata." In wani abu ya ɓata a gidan, ita ake fara kallo. Mun manta Allah da kansa ya ce zai yi husuma ranar alƙiyama da wanda ya sa mutum aiki, ya karɓi aikin cikakke, ya hana shi ladansa?

Sayyidina Usman bai je Badar ba. Manzon Allah (SAW) ne ya bar shi a Madina yana jinyar matarsa Nana Ruƙayya, kuma ya ce yana da ladan wanda ya halarci Badar, aka ba shi rabonsa na ganima. Badar fa! Abin da Annabi ya ɗaukaka haka shi ne muke kira zaman banza.

Don Allah, in ka je dubiya, ka juyo ka gaida mai jinyar da sunanta. Ka tambaye ta ko ta ci abinci, ko bayanta na ciwo. Ƴan'uwa ku zauna ku raba kwanaki, maza ma su karɓi nasu, musamman in mahaifi ne kwance. Rabon gado Allah ya riga ya yanke, ba mai taɓa shi, amma ba wanda ya hana ka cire wani abu daga aljihunka ka ba ta jari.

Wanda ake binsa kuɗin ƴar aiki, don girman Allah ya biya ta yau. Wanda kuma ke da mara lafiya a gida, ya je ya karɓi daren nan, a bar baiwar Allah ta yi barci.