Malaman dajin Kamuku sun cancanci mu san da zamansu

A 'yan shekarun nan da wuya a ambaci Kamuku a majalisar hira a Kaduna ba tare da maganar 'yan bindiga da satar shanu ta biyo baya ba, har yaran da suka taso yanzu suna tsammanin sunan wata maɓoyar ɓarayi ne kawai. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Kamuku gandun daji ne na ƙasa da ke Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari, an killace shi tun 1936 a zamanin En'e, sannan gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1999. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana na Zamfara. Akwai mutanen da aka ɗora wa amanar wannan daji, waɗanda iyayenmu ke kira malaman daji, kuma su ne ba na jin ana ambata.

Wani kawuna ya yi wannan aiki har ya yi ritaya. Ina ƙarami na taɓa ganin wani buhu a zaurensa cike da wayoyin birkin keke da na babur, kowace an lanƙwasa ta an yi mata zarge. Da na tambaye shi, sai ya ce tarkuna ne da suka kwance a sintiri, ya kuma sa hannuna cikin ɗaya ya ja a hankali don in ji yadda take shaƙewa. Ya ce mini tarko ba ya zaɓe: wanda aka ɗana domin gada yakan kama ƙafar gwanki ko mugun dawa, dabbar ta yi ta fizga har wayar ta kai ga ƙashi, wani lokaci ma mai tarkon bai dawo ba sai naman ya ruɓe. Na tuna tafin ƙafarsa da ya tsattsage, da yadda yakan yi kwanaki a dawa da garin kwaki da gorar ruwa, da yadda idan damina ta ɗauke suke ƙona ciyawa a gefe-gefe tun tana da ɗanyantaka, domin gobarar tsakiyar rani ta tarar da fili ta mutu kafin ta cinye doka da kaɗanya da ɗorawa.

A zamaninsa abin tsoro shi ne mafarauci mai bindigar toka. Malaman daji na yanzu suna shiga dajin da ke da mutane masu manyan makamai, ga masu sare madobiya domin katako, ga masu gawayi. Mu da muke sayen buhun gawayi a bakin titi ba ma tambayar daga ina ya fito, alhali bishiyoyin nan su ke riƙe ƙasa da ruwan da ke gangarowa Mariga, ita kuma Mariga a kogin Kaduna take zubewa.

Ban manta da masu aikin sa kai ba, kuma ba 'yan sintirin yaƙi da ɓarayi nake nufi ba. Ina nufin manomin da ke bakin gandu wanda yake sanar da ma'aikata idan ya hango hayaƙi, da tsohon maharbin da ya ajiye baka ya koma nuna sawu, da ɗaliban da ke dashen itatuwa ba tare da an ba su ko sisi ba. Wanda ya kai rahoto a ƙauyen da kowa ya san kowa ya sayi rigima da kuɗinsa, amma duk da haka suna yi.

Kowace ranar 31 ga Yuli duniya tana tunawa da masu gadin gandun daji. A gandun Virunga na Kwango kaɗai, fiye da 200 daga cikinsu sun rasa rayukansu a bakin aiki. Mu ma muna da namu masu gadin a gandayen Gashaka-Gumti da Kainji da Okomu da nan Kamuku, amma ranar takan wuce shiru a Kaduna. A ganina godiyar baki ba ta isa ba. Suna buƙatar takalma masu ƙwari, da na'urar sadarwa, da albashi a kan lokaci, da tabbacin cewa idan ta Allah ta kasance ba za a bar iyalansu suna yawon neman haƙƙinsu ba. 'Yan majalisarmu su tambayi abin da aka ware wa gandun daji a kasafin kuɗi, limamai da malaman makaranta kuma su riƙa ambaton su.

Ni dai idan Allah ya kai mu wannan rana zan je in gaishe da kawuna, in ce masa sannu da aiki, wanda tun ina yaro ban taɓa faɗa masa ba.