Gyaran tsohuwar makaranta ba sai da buldoza ba

Duk wanda ya taɓa shiga ginin tsohuwar Kwalejin Katsina da rana tsaka a watan Afrilu ya san abin da zan faɗa. A waje rana na ƙuna, amma kana sa ƙafa cikin soron sai ka ji sanyi kamar an yi yayyafi. Ginin ƙasa ne, bango mai kauri, rufin azara. A 1922 aka buɗe kwalejin, a nan Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Kashim Ibrahim suka yi karatu, kafin a ɗauke ta zuwa Kaduna a 1938, daga baya Zariya, inda ta zama Barewa. Yau gidan tarihi ne.

Kwanaki na leƙa wata tsohuwar firamare da aka ce an gyara. An rushe azuzuwan da iyayenmu suka zauna, an tada na bulo, an kifa kwano ba silin, an shafe da fenti mai ƙyalli. Kafin azahar yara sun jiƙe sharkaf da gumi, kowa na fifita da littafinsa, malama ta ja kujera bakin ƙofa tana neman iska. Wai wannan ne zamani.

Na san abin da za a ce: ginin ƙasa yana son yaɓe kafin kowace damina, gara na cin azara, in indararo ya toshe rufi ya jiƙa ya rufta. Gaskiya ne. To amma bulon ɗan kwangila da aka yi wa rowar siminti, shekara nawa yake yi bai tsage ba? Kuma har gobe akwai magina a Katsina da Daura da suka gaji aikin tubali da makuba, ba wanda ke neman su in an zo rabon kwangila.

Abin da ɗalibi ke buƙata bai hana tsohon bango tsayuwa ba. A sa sola da fanka, a ja ruwa, a gina banɗaki, musamman na 'yan mata, a ware ɗaki ɗaya na kwamfuta. Kuɗin rushewa da kwashe ɓaraguzai sai su tafi nan.

Ita ma tsohuwar kwalejin, da za a buɗe ɗaki ɗaya a cikinta da yamma, a sa tebura da fitila, yaran da ke shirin WAEC da JAMB su riƙa zuwa bita, da ba ta zauna jiran baƙi 'yan yawon buɗe ido kaɗai ba.