Wai wutarmu ce ta ƙona shi

Jiya wani mai shagon kayan kwamfuta a tsakiyar garin nan na Kaduna ya ci mutuncina a gaban yaransa, kuma har yanzu zuciyata ba ta daina tafasa ba. Sana'ata haɗa bidiyon biki da zanen katin gayyata, ɗan shagona yana Tudun Wada. Duk mai wannan aiki ya san in babu katin girafik mai ƙarfi a kwamfuta, wato na'urar da ke sarrafa hoto ta tura shi monita, bidiyon minti goma sai ya cinye maka yini. Na daɗe ina tara kuɗi, na je na sayi na hannu mai 8GB, irin wanda suke ce wa tokumbo, tun da sabo ya fi ƙarfin irinmu tun lokacin da dala ta haura naira 1,500 a 2024. Aka jona shi a shagon na ɗan lokaci, hoto ya fito, aka rubuta mini rasit. Ko sati bai rufa ba na kunna da safe, fankokin katin suna juyawa, fitilun akwati suna ci, monita kuwa baƙi ƙirin.

Ban ruga shagon ba, don na san tambayoyin da za a tare ni da su. Na tabbatar wayar HDMI mai kai hoto monita tana jikin katin, ba a ramin madabod ba, wato babban allon da ake jona duk sassan kwamfuta a kansa. Na canza waya, na gwada ta DisplayPort, na jona talabijin. Na zare soket, na cire katin daga raminsa na madabod, wanda ake kira PCIe, na hure ƙura, na mayar da shi har sai da maƙallin ya ce ƙas. Na duba wayar nan mai fil takwas da ke kai masa wuta, domin ramin madabod wat 75 kaɗai yake bayarwa, kati mai ci irin wannan sai an ƙara masa daga fawa fak, wato akwatin da ke raba wa sassan kwamfuta wuta, nawa kuwa mai wat 650 ne, ya ishe shi har da ragi. Na cire ram, wato ma'adanar wucin gadi ta kwamfuta, na goge na mayar, na zare ƙaramin batirin madabod don saitin tashin kwamfutar, wato BIOS, ya koma na asali. Shiru. Da na cire katin gaba ɗaya na jona monita a madabod, nan take hoto ya fito. Na kai shi wurin wani abokin sana'a a Unguwar Rimi, muka sa a kwamfutarsa, nan ma duhu. Ya ara mini nasa na sa a tawa, ya yi aiki lafiya lau. Katin ne ya mutu, babu wata tantama.

Da wannan hujjar na isa shagon. Na yi sallama, ya amsa a ciki-ciki, idonsa na kan waya. Na ajiye katin da rasit a kan kanta na ce, "Alhaji, katin da na saya a wurinka ne ya daina fitar da hoto."

Ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce, "Wutarku ce ta ƙona shi."

Na ce ina da sitabilaiza, ina da UPS, na'urar nan mai batiri da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta.

Ya ce, "Wutar Kaduna ba ta jin sitabilaiza."

Na ce, "To Alhaji, wace irin wuta ce za ta tsallake fawa fak, ta bar madabod, ta bar monita, ta zaɓi katinka shi kaɗai?"

Sai a lokacin ya ɗago kai. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya jawo rasit ɗin da ɗan yatsa, ya juya bayansa, ya nuna mini wani siririn rubutu: kayan da aka saya ba a mayarwa. Na tuna masa da bakinsa ya ce akwai garantin wata guda. Ya ce, "Garantin gwaji ne, kuma an gwada a gabanka." Wani yaronsa da ke zaune kan kwali ya ce, "Oga, ƙila bai iya jonawa ba ne." Suka kwashe da dariya. Yaron da na girme wa nesa ba kusa ba! Alhaji bai tsawata masa ba, ƙarawa ma ya yi: "Ai yanzu duk wanda ya kalli bidiyo a waya ya zama injiniya."

Na danne, na juya katin na nuna masa abin da muka gani ni da abokina. Kawunan sukurorin sun cinye saboda yawan kwancewa. 'Yar takardar da ake liƙawa kan sukuru a yage take. Bayan katin, daidai wurin ƙwaƙwalwarsa, ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, alamar an gasa shi da bindigar iska mai zafi. Masu gyara sun san wannan dabarar: kati ya mutu, a hura masa zafi dalmar ta ɗan narke ta kama, ya farfaɗo na 'yan kwanaki, a sayar kafin ya sake sumewa. Kowa kuma ya san tun watan Satumban 2022, da Ethereum, wani tsarin kuɗin intanet, ta daina amfani da katunan girafik wajen haƙar kuɗin kirifto, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka cika kasuwannin duniya. Na ce masa duk wannan. Ya ture katin zuwa gabana ya ce in ina so in biya kuɗin dubawa, ko in ciko kuɗi in ɗauki wani. Da na ce haƙƙina nake nema, sai ya ce, "Malam, wanda ba shi da kuɗin sabo ya haƙura da abin da ya samu. Matsa, akwai mutane a bayanka."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙaryarsa tana da wurin fakewa, kuma gwamnati ce ta gina masa wurin. Firji ya lalace, wuta. Caja ta mutu, wuta. Duk macucin da ke ƙasar nan ya samu amsa guda da ba a iya ƙaryata shi a kanta, saboda wutar da gaske ba ta da kirki. Tun 2009 aka ba da kwangilar tashar wuta mai megawat 215 a Kudenda, nan bakin hancinmu, yaran da aka haifa a shekarar sun zama samari muna nan muna jira. A watan Oktoban 2024 aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, Arewa ta kwashe fiye da mako cikin duhu, masu ƙanƙara da teloli da masu walda suka yi zaman dirshan. A watan Afrilun 2024 kuma aka mayar da kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka ce sun fi kowa samun wuta, naira 225 kan kowane yunit. An cire tallafin mai a 2023, janareta ma ya zama na masu hali. Ka biya tsada, ka sayi sitabilaiza da kuɗinka, ka sayi UPS da kuɗinka, sannan wani ya sayar maka da gawar kati ya ɗora wa wutar laifi.

Wa ke duba kwantenonin tarkacen da ake saukewa a tashoshin ruwanmu da sunan tokumbo? A 2019 aka sa hannu kan dokar kare haƙƙin mai saye, wadda ta ba mutum damar mayar da kayan da ya fito da aibi, amma har yau ana buga "ba a mayarwa" a bayan rasit gaba gaɗi, don an san babu mai zuwa.

Mu ma da namu laifin. Mutanen da ke tsaye a shagon sun ji komai, sun ga tabon ƙunar da idonsu. Babu wanda ya ce wa Alhaji ya ji tsoron Allah. Ni aka kewaye: "Yi haƙuri, Malam, bar wa Allah." Wani dattijo har da jan hannuna waje. Gobe zan kai ƙara wurin shugabannin 'yan kasuwar layin, da rasit, da katin, da abokina a matsayin shaida. Duk wanda kuma zai sake ba ni haƙuri, ya fara biyawa ta shagon Alhaji ya ce masa ya mayar mini da kuɗina.